Fitilun Motar Yaya

Da za a rubuta tarihin birnin nan da gaskiya, ba da ganuwa za a fara ba, ba kuma da ƙofofi ba. Da aro za a fara. Na yi shekara talatin da biyar ina koyar da tarihi, ina sa ɗalibai su haddace daulolin da suka tashi suka faɗi, amma ban taɓa karanta labarin wata al'umma da ta kai mu iya aro ba. Muna aron tabarma ranar suna, muna aron tukunya ranar biki, ango ya zauna cikin abokansa da aron babbar riga, kowa ya san mai ita, ba wanda zai ce uffan. Amma ƙololuwar wannan fasaha, a iya sanina, ita ce abin da wasu tsofaffin direbobi shida na unguwarmu ta Jakara suka riƙa yi duk shekara idan lokacin gwajin lafiyar mota ya zo. Yayana yana cikinsu, shi ne ma babbansu.

Uwarmu ɗaya, ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara bakwai. Ni aka tura boko, shi aka tura gareji. Tun daga ranar da na fara koyarwa yake ce mini Malam, da wata irin murya da har yau ban tantance ba ko girmamawa ce ko tsokana.

Motarsa ƙaramar bas ce, irin mai ƙofar gefe, an cire kujerun baya don kaya. A takarda fara ce. A ido kuwa sai dai kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ƙofar gefen ba ta buɗuwa sai ka ɗaga ta da gwiwa, ka ja, ka ambaci Allah. Amma siririya ce, tana shiga lungunan da manyan motoci ba sa ko tunanin shiga, shi ya sa masu takalman fata da masu kayan yaji na bakin Kurmi ba su da kamarsa. Ya ɗauko daga ƙofar rumfa, ya kai tasha, ya dawo, ya sake. Shekara ashirin da shida ke nan yana yi da ita, kuma duk wanda yake neman sa ya san inda zai same shi da magariba: sahun gaba, dama da liman.

Motocin su shidan iri ɗaya ne, sa'annin juna, kuma kowacce akwai abu guda da Allah ya bar mata da lafiya. Ɗaya tayoyinta masu kyau ne. Ɗaya batir. Ɗaya salansarta ba ta ƙara. Wani yana da madubai biyu cikakku da waifa mai share ruwa ba mai shafa shi ba. Wani, mai ɗaukar fatu daga majema, shi ke da tukunyar kashe gobara da ba ta tashi aiki ba, da jak. Yaya kuwa fitilun gaba ne nasa. Ba a taɓa ganin irinsu ba a mota mai waɗannan shekaru: gilashin garau, cikin yana ƙyalli kamar sabon kwano. Irinsu sun ƙare a kasuwa tuntuni, ko a wurin masu tsofaffin kaya sai dai ka sami masu tsatsa.

In ka haɗa motocin shida, za ka sami mota ɗaya lafiyayya. To, ita wannan mota ɗaya ita ce ke zuwa gwaji sau shida, kowace rana da lamba daban. Bayan asuba a taru a garejin wani bakanike a gindin durumi, a kwance kayan kirki a ɗaura wa wadda ranarta ce, a ba masu kayan nata ruɓaɓɓun su lallaɓa. Da yamma a mayar. Ba a rubuta komai, ba a taɓa rasa ko noti ɗaya ba.

Ni da na yi suna a makarantarmu wajen kama masu satar amsa, ni ne nake cike musu fom. Na taɓa ce wa Yaya wannan a wurinmu sojan gona ake ce masa.

Ya ce, "A'a Malam. Sojan gona shi ne wani ya zauna maka. Nan kuwa ita ce da kanta take zama. Kwalliya kawai aka yi mata."

"Kwalliya har da ƙafafu?"

"Kai dai rubuta. Lambar inji tana nan a bayan katin."

Na rubuta. Duk shekara ina rubutawa.

Abin da ya mayar da gwajin nan ya wuce wasa a gidanmu shi ne wata magana da Yaya ya yi shekara uku kafin wannan da nake ba da labari. Babban ɗansa yana aikin ofis a Kaduna. Da hawan jini ya kwantar da Yaya na 'yan kwanaki, sai ɗan ya zo ya durƙusa a zaure yana roƙon ya ajiye tuƙi, ya ce shi zai ɗauki komai na gida. Yaro ne mai hankali, ba abin da ya faɗa da ba daidai ba. Yaya ya saurare shi har ya gama, sannan ya juyo wurina.

"Malam, ka zama shaida. Ranar da hukuma ta ce motar nan ta gaza, ni ma na gaza. Zan miƙa masa makulli da hannuna. Kafin ranar kuwa, kada wanda ya ƙara yi mini maganar."

Ɗan ya ce, "Baffa, ka ji dai."

Na ce na ji. Muna haɗa ido da Yaya na ga dariya a nasa. Ya san yana da tayoyi huɗu a motar wani.

Ba yunwa yake tsoro ba. Dakali yake tsoro. Akwai wani dakalin siminti a bakin lungunmu inda tsofaffin da suka daina fita suke zama daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, suna amsa gaisuwa. Yaya yakan rage gudu in zai wuce su, ya ɗaga hannu, da mun wuce ya ce mini, "Ka ga tashar ƙarshe nan. Ba a yin lodi a can, saukewa kawai ake yi." Ya lura, ya ce, duk wanda ya hau dakalin nan, da wuya ya ga damina uku.

A da, gwajin mutum ne yake yi. Ya zagaya motar, ya shuri taya, ya ce taka birki, danna hon, kunna fitila. In ya ga furfura sai ya kau da kai daga wani abin. Daga baya aka kawo na'ura. Wani dogon zaure ne kamar sito, a hau da mota kan wasu ƙarafa masu juyawa, a zura mata wani bututu a salansa, a turo wani akwati gaban fitila ya auna inda haskenta yake sauka. Na'ura ba ta ganin furfura. Duk da haka motar nan ɗaya mai lamba shida ta ci gaba da tsallakewa, da ƙyar, kamar ɗalibin da kullum yake samun arba'in cif.

A shekarar da nake magana, huɗu sun je sun dawo lafiya. Ranar Talata mai fatu ya je, ya ci. Takardar Yaya ranar Alhamis za ta ƙare, kuma ranar ya zaɓa, don ya ce babba shi ke tashi daga tabarma a ƙarshe. Laraba an bar ta ko ta kwana.

Da la'asar ɗin Talata mai fatu ya dawo gindin durumi, bakanike ya fara kwance kaya. Ya cire tayoyi ya mayar da nasa, ya cire batir, ya cire salansa da madubai, su ma ya mayar masa da nasa. Saura fitilu. Sai wayar mai fatu ta yi ƙara. Matarsa, wadda ta yi wata biyu tana jinya a gidan wanta a ƙauye, Allah ya yi mata cikawa. Shekara arba'in suna tare. Bakaniken ya gaya mini mutumin shiga mota kawai ya yi, ya je ya kwashi 'ya'yansa, ya fita ta Ƙofar Dawanau. Da fitilun Yaya a gabansa. Nasa kuma suna jikin motar Yaya tun safe: ɗaya gilashinta a tsage an liƙe da salatif, ɗaya tana kallon sama kamar mai neman wata.

Ranar Laraba muka tafi ta'aziyya, mu biyu, a motar Yaya. A hanya na tsara masa yadda za a yi, da lamba ɗaya da lamba biyu, irin na masu alli.

"Za mu yi gaisuwa, mu yi addu'a, mu ɗan zauna. In za mu tashi sai ka ja babban ɗansa gefe. Ba ma sai uban ya ji ba. Noti huɗu ne. Ga sukudireba a aljihuna."

"Ka taho gidan mutuwa da sukudireba?"

"Na taho da shi."

"Allah ya shirye ka, Malam."

Da muka isa, ga motar mai fatu nan a ƙofar gidan, a gindin wata bishiya, fuskarta tana kallon tabarmin da aka shimfiɗa wa masu zaman makoki. Aka ba mu wuri. Wurin da aka ba mu kuwa daidai saitin fitilun. Rana tana dukan gilashin, yana maido mana da ita a ido.

Mai fatu yana zaune ya jingina da bango, ya tsufa a dare ɗaya. Muka ce ya haƙuri, ya ce da godiya. Muka ce Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta, ya ce amin. Ya riƙe hannun Yaya da hannu biyu ya ce, "Alhaji, har ka taso? Da wannan jikin naka?" Bai tuna da fitila ba. Ina jin da za a tambaye shi sunan garin da yake zaune a ranar, sai ya yi tunani.

Muka zauna. Mutane suna zuwa, ana ɗaga hannu, ana shafawa, suna tashi. Na zunguri Yaya da gwiwar hannu. Ya ƙara jan carbinsa. Babban ɗan mamaciyar ya zo ya ajiye mana ruwa, idanunsa jajur, ya durƙusa ya gaishe mu. Ga shi nan a gabana, tazarar hannu. Abin da zan ce bai wuce kalma goma ba. Ni da na yi rayuwata ina magana a gaban mutum sittin ba tare da na duba takarda ba, sai na ji bakina yana cewa, "Sannu, Allah ya ba ku haƙuri." Ya ce amin, ya tashi.

Don haka ba zan ɗora wa Yaya shi kaɗai ba. Sukudireban a aljihuna yake, yana soka mini cinya tun daga zama har tashi.

Da za mu tafi, sai da muka bi ta gaban motar. Yaya ya tsaya. Na ce a raina to, Alhamdulillahi. Sai ya sa hannun rigarsa ya goge wata 'yar ƙura da ke kan fitilar dama, ya wuce.

A hanyar dawowa na kasa haƙuri. "Yaya, kayanka ne fa. Ba sata ba ce, ba roƙo ba ne."

"Mutum ya binne matarsa da safe, da rana a gan ni tsugune ina kwance masa idon mota a gaban 'yan ta'aziyya? Me za a ce?"

"Za a ce kana da gwaji gobe."

"Za a ce ba gaisuwa ta kawo ni ba. Kuma za a yi gaskiya."

"To ka ɗaga ranar. Ka jira a yi bakwai."

"In ajiye mota mako guda ba takarda? Yaron nan na Kaduna ya ji mota tana ajiye, ka san ba za ta ƙara tashi ba. Masu kaya kuma su saba da wani. Gobe za mu je. Wataƙila injin nasu ya yi gyangyaɗi."

Ranar Alhamis bayan asuba aka yi mata kwalliya. Ban taɓa ganin ta yi kyau kamar ranar ba. Tayoyi baƙaƙe wuluk, salansa shiru, madubai biyu. Bakanike ya yi iya yinsa a kan fitilun mai fatu, ya cusa kwali a bayan mai kallon sama, ya canza ƙwan fitilun, ya wanke gilashin da omo. Da aka kunna sai suka ba da wani haske ja-ja, irin na aci-balbal da mai ya kusa ƙare mata.

A wurin gwajin, ma'aikacin da ya karɓe mu wani magidanci ne mai gemu. Ya zagaya motar, ya tsaya a kan tayar gaba, ya sunkuya.

"Baba, tayar nan kamar na san ta."

Yaya ya ce, "Duk taya baƙa ce, ɗana."

"Haka ne. Amma wannan ta fi ni zuwa aiki a makon nan."

Ya yi dariya, ya ɗago, sai ya gan ni. Nan take ya cire hula ya rusuna. Ashe ɗalibina ne, na koya masa tarihi a aji uku. Na ji wani sanyi a raina, Allah ya yafe mini, irin sanyin da na sha gani a fuskar iyayen yara in sun gano mai sa ido a jarrabawa ɗan unguwarsu ne.

Birki ya ci. Hayaƙi ya ci da ƙyar. Aka turo akwatin nan gaban fitila. Allon kwamfuta ya yi ja. Aka gyara tsayuwar motar, aka sake. Ja. Tsohon ɗalibin nawa da kansa ya danna fitilar hagu da tafin hannu aka sake na uku. Takarda ta fito daga injin tana ƙara kamar ana yaga tsumma.

Na ja shi gefe. Na yi abin da na kori iyaye da yawa daga ofishina a kansa. Na ce abu ɗaya ne, kuma ba ma nata ba ne, nata suna ƙauye gidan rasuwa. Na ba shi labarin duka, har da sukudireba.

Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce, "Wallahi Malam, ba ni nake rubutawa ba, ita take rubuta abinta. Ko na so ba inda zan taɓa." Sai ya yi ɗan murmushi, ba na mugunta ba. "Kuma kai ne fa kake ce mana wanda ya sami talatin da tara bai sami arba'in ba."

Ni ne. Nakan ma rubuta a allo.

Ya ce amma ba a rufe ƙofa ba, an ba da kwanaki a je a gyara a dawo, fitilar kawai za a sake dubawa. Na koma mota da wannan albishir kamar wanda ya tsinci wani abu. Yaya yana zaune a bayan sitiyari, takardar tana kan cinyarsa. Ba ya karanta Turanci, amma ya san jan rubutu.

Na ce, "Sake zama ne kawai. Mai fatu zai dawo bayan bakwai, a ɗaura, a dawo, a wuce. Wa zai gaya wa na Kaduna? Ni dai ba zan faɗa ba."

Wani mai mota a bayanmu yana ta danna hon.

"Me na ce a zaure, Malam? Kai ne shaida."

"Ka ce ranar da hukuma ta ce ta gaza."

"Yau me ta ce?"

"Yaya, ba fitilunta ba ne!"

"Tayoyin nata ne? Batir ɗin nata ne? Shekara nawa tana ci da kayan mutane ban ce ba nata ba ne, yau ta faɗi da kayan mutane sai in ce ba nata ba ne?" Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihun gaba. "Taya aro ce, batir aro ne. Maganar da na yi wa yaron nan kuwa tawa ce. Ba aronta na yi ba."

Ya tuƙa mu zuwa gindin durumi, aka kwance wa kowa kayansa. Ya shigar da ita lungu ya jingine ta da katangar gidansa, ya kira Kaduna da kansa. Ranar Asabar ɗan ya zo. Ya karɓi makullin da hannu biyu yana kuka, ya rasa inda zai sa shi, a ƙarshe ya bar shi a kan tabarma.

Kwana takwas da rasuwar, mai fatu ya zo da fitilun a naɗe cikin buhu. Bakanike ne ya gaya masa abin da ya faru. Ya tsaya a ƙofar zaure ya kasa shigowa.

"Alhaji, kun zauna a gabana awa biyu! Me ya hana ku faɗa? Wallahi da haƙorina zan kwance muku su."

Yaya ya ce, "Shigo mana. Ya ƙarin haƙuri? Ya yaran?"

Bai ƙara cewa komai a kai ba, har yau.

Na sha karanta yadda dauloli suke ƙarewa, kuma littattafai suna son a ce da yaƙi ne. Abin da na gani da idona ya fi haka shiru. Da shekara ta zagayo Yaya ya ba da aron fitilun kamar kullum, amma biyu daga cikin biyar ɗin suka faɗi a hayaƙi, shi kuwa inji ba a aronsa. Mai tayoyi ya sayar wa 'yan gwangwan da tasa, tayoyin suka tafi, da suka tafi kuma sauran ba su da ƙafar zuwa. Masu takalma da masu kayan yaji yanzu babur mai ƙafa uku ke ɗaukar musu kaya. Ba su yi kewar kowa ba, ban kuma ga laifinsu ba.

Yaya ya yi wata uku yana ƙin dakalin. Yakan zauna a cikin motar da hantsi, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Daga baya rana ta yi masa yawa. Yanzu yana can, na uku daga hagu, yana amsa gaisuwa. Ya rage magana. Wani lokaci in muna zaune sai in ga hannunsa na dama ya miƙa gefe yana laluben giya a iska, sai ya tuna, ya mayar da shi kan gwiwa. Damina biyu ta wuce. Ni kuma ina ƙirgawa, ko da yake ba na so, don shi ya koya mini ƙirgar.

Fitilun suna ɗakinsa a kan wardirob, cikin buhun da aka kawo su. Kwanakin baya bakanike ya zo dubiya, ya sauko da su, ya haɗa ɗaya da batir don ya nuna mini. Da rana tsaka ce, amma sai da na kare idona. Na ce ikon Allah, shekara ashirin da shida, komai na motar ya mutu ban da su; wane irin ƙarfe ne wannan?

Bakaniken ya ce ba wani ƙarfe. Yaya bai taɓa tuƙi bayan magariba ba.